WANDA YA CI LADAN KUTURU, DOLE YA YI MASA ASKI

Wannan jawabi an gabatar da shi ne a wani zaman ƙara wa juna sani na matasa 'yan uwa, inda aka nemi Malamin ya yi bayani a kan kuɗin da ake zuba wa jam'iyyun siyasa a ƙasar nan, da kuma dalilin da ya sa ake ɓoye sunayen masu bayarwa. 

Bayan ya yi hamdala da salati ga Manzon Allah (S), Malamin ya fara da jefa wa mahalarta tambaya. Ya ce duk lokacin da kakar zaɓe ta kama, kowa yana ganin jerin gwanon motoci, da hotunan 'yan takara a kowane bango, da riguna da huluna da atamfofi masu tambarin jam'iyya, da buhunan shinkafa, da jiragen sama na haya. To wa ya biya? Ya ce jam'iyya dai ba ta noma, ba ta kiwo, ba ta da rumfa a kasuwa, kuma ɗan abin da 'ya'yanta suke biya na katin shaida bai isa ya sayi man motocin rana ɗaya ba. Ashe ke nan kuɗin daga aljihun wasu suka fito, kuma waɗannan wasu ɗin suna da sunaye.

Ya ce a ɗan yi lissafi don a ga girman abin. A zaɓen 2023 akwai rumfunan zaɓe sama da 176,000 a faɗin ƙasar. Da a ce jam'iyya za ta ajiye wakili ɗaya tak a kowace rumfa, ta ba shi naira 10,000 ya ci abinci, to a wuni guda ta kashe fiye da naira biliyan 1 da miliyan 760. Ba a zo batun ofisoshi a ƙananan hukumomi 774 ba, balle talla a rediyo da talabijin, balle lauyoyin da za su tsaya a kotu bayan zaɓe. Ya ce talaka yana ba da ƙuri'arsa ne rana ɗaya ya koma gida, amma wanda ya ba da irin wannan kuɗi shi ne ake ɗaga wa waya da tsakar dare har shekara huɗu. Bahaushe ya riga ya gama magana da ya ce wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sadaka daban, kuɗin jam'iyya daban

Malamin ya ce abin da yake rikita wasu 'yan uwa shi ne an tarbiyyantar da Musulmi a kan cewa kyauta a ɓoye ta fi lada, don haka in aka ce a buga sunan mai bayarwa a jarida sai su ga kamar ana kira ne zuwa ga riya. Ya ce a nan akwai buƙatar a rarrabe. Ana ɓoye sadaka ne domin a kare mutuncin wanda aka ba, kuma domin mai bayarwa ba ya jiran komai daga wajen maraya ko miskini, ladansa yana wajen Allah (T). Shi kuwa wanda ya ɗauki miliyoyi ya kai wa mai neman mulki, ya kai ne ga wanda gobe zai riƙe baitulmali, ya raba kwangila, ya sa hannu a lasisin rijiyar mai, ya yafe harajin shigo da kaya. Ya ce irin wannan kyauta ta fi kama da bashi, kuma da dukiyar al'umma ake biyan sa.

Ya tunatar da mahalarta cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa masa shaidu. Ya ce in har bashin da ke tsakanin mutum biyu an yi umurni a rubuta shi, to ina ga bashin da mutane sama da miliyan 200 ne za su biya? Ya kuma kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (S) ya aika karɓar zakka, da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce shi kyauta aka yi masa. Manzon Allah (S) bai ja shi gefe ba, a kan mumbari ya yi maganar a gaban jama'a, ya nuna cewa da mutumin yana zaune a gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa komai. Malamin ya ce darasin a fili yake: kyautar da muƙami ya jawo ta ba ta mai muƙamin ba ce, kuma a bainar jama'a ake bincikar ta.

Ciwon ya daɗe

Da ya juya kan tarihi, Malamin ya ce wannan ciwo ya girmi mafi yawan waɗanda ke zaune a wajen. A shekarar 1962 an kafa kwamitin bincike na Coker a kan hukumomin Jihar Yamma, ya kuma gano cewa an karkatar da kuɗin hukumar sayen amfanin gona, wato gumin manoman koko, ta hanyar wani kamfani zuwa ga jam'iyyar Action Group. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, kotunan soja sun ɗaure wasu gwamnonin Jamhuriya ta Biyu bisa tuhumar karkatar da kuɗin kwangila zuwa asusun jam'iyyunsu. A 1989 Janar Ibrahim Babangida ya ce zai raba siyasa da masu jakar kuɗi, sai gwamnati ta ƙirƙiri jam'iyyu biyu da kanta, SDP da NRC, ta gina masu ofisoshi a ƙananan hukumomi, ta riƙa ba su kuɗi. Ya ce duk da haka, da aka zo zaɓen 12 ga Yunin 1993, manyan attajirai biyu ne suka tsaya, Alhaji Mashood Abiola da Alhaji Bashir Tofa.

Ya ce wannan ya nuna ba a raba siyasa da kuɗi da sanarwar soja. Kuɗi za su shiga ko ana so ko ba a so. Abin da ake iya yi shi ne a tilasta masu su shigo ta ƙofar gaba da rana tsaka, kowa ya ga fuskar wanda ya ɗauko su.

Abin da doka ta ce

Malamin ya ce abin mamaki shi ne ba doka aka rasa ba. Sashe na 225 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa kowace jam'iyya ta miƙa wa Hukumar Zaɓe ta ƙasa, INEC, cikakken bayani kowace shekara na inda ta samo kuɗinta da yadda ta kashe su. Sashen ya hana jam'iyya ajiye dukiya a ƙasar waje, kuma in aka aiko mata da kuɗi daga waje, sai ta miƙa su ga hukumar cikin kwana 21. Sashe na 226 kuma ya ɗora wa ita hukumar nauyin kai wa Majalisar Tarayya rahoton asusun kowace jam'iyya duk shekara. Dokar kamfanoni ta 1990, da wadda ta maye gurbinta a 2020, duka sun haramta wa kamfani ya ba jam'iyyar siyasa gudummawa.

Ya ci gaba da cewa Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta yanke iyakar abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe a kan naira biliyan 5, na gwamna biliyan 1, na sanata miliyan 100, na ɗan majalisar wakilai miliyan 70. Ta ce kada mutum ɗaya ya ba ɗan takara fiye da naira miliyan 50. Ta hana jam'iyya karɓar kyautar da ba a san mai ita ba, ta ce a rubuta suna da adireshin duk wanda ya ba da fiye da naira miliyan 1. Ta ba jam'iyya wata uku bayan bayyana sakamako ta kai rahoton gudummawar da ta karɓa, da wata shida ta kai lissafin abin da ta kashe wanda akanta ya tantance, ta kuma buga shi a jaridun ƙasa aƙalla biyu. Har ma ta ce hukumar ta ajiye waɗannan takardu a hedikwatarta da ofisoshinta na jihohi domin duk mai so ya je ya duba.

A nan Malamin ya tsaya ya tambayi mahalarta ko akwai wanda ya taɓa buɗe jarida ya ga jerin sunayen waɗanda suka ba wata babbar jam'iyya kuɗi, kowa da adadin abin da ya bayar. Da aka yi shiru, sai ya ce wannan shirun shi ne amsar. Ya ce ita kanta hukumar ta sha kokawa cewa jam'iyyu ba sa kawo rahotanninsu a kan lokaci.

Liyafar biliyan 21

Domin kada magana ta zama ta iska, Malamin ya kawo misalai. Ya ce a watan Disamban 2014 an shirya liyafar tara kuɗi ta jam'iyyar PDP a fadar shugaban ƙasa da ke Abuja, gabanin zaɓen 2015, aka kuma sanar cewa a dare ɗaya an tara sama da naira biliyan 21. A wancan lokacin Dokar Zaɓe ta 2010 ce take aiki, wadda ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da biliyan 1, mutum ɗaya kuma kada ya ba ɗan takara fiye da miliyan 1. Da surutu ya yi yawa sai aka ce ai kuɗin na jam'iyya ne, ba na ɗan takara ba. Ya ce a lura da yadda aka riƙa sanar da kuɗin a wajen: masu harkar man fetur sun ba da kaza, masu harkar gine-gine sun ba da kaza, abokan wane sun ba da kaza. Ya ce “masu harkar man fetur” ba sunan mutum ba ne, kuma “abokan wane” ba adireshi ba ne. Gwamnonin jam'iyyar ma an sanar cewa kowannensu ya ba da naira miliyan 50, ba a kuma faɗi daga wane aljihu ba.

Ya ce kada wani ya ɗauka jam'iyya ɗaya ake nufi, domin duk kanwar ja ce. A 2018 wata ƙungiya ce ta fito ta ce ta saya wa Shugaba Muhammadu Buhari fom ɗin takara na APC a kan naira miliyan 45. A 2022 APC ta sa wa fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP ta sa miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, wato ma'aikaci sai ya yi fiye da shekara 270 yana tara albashinsa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya iya sayen takardar APC. Sai ga shi a watan Mayun shekarar wata ƙungiya da ta ce ta makiyaya da almajirai ce ta saya wa tsohon shugaba Goodluck Jonathan fom ɗin, shi kuma ya ce ba da yawunsa ba. An kuma ba da labarin wasu ƙungiyoyi, ciki har da ta manoman shinkafa, sun saya wa Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, alhali bankin da yake shugabanta ne yake ba manoman shinkafa rance. Malamin ya ce duk wanda ya san rayuwar almajiri ya san ba daga ƙoƙon bara miliyan 100 ta fito ba, sunan talaka kawai aka ara aka yi mayafi da shi.

Ranar biyan bashi

Malamin ya ce wani lokaci Allah Yakan tona asirin cinikin, idan mai bashi da wanda ake bi suka saɓa. A ranar 10 ga Yulin 2003, bayan mako shida kacal da rantsar da Gwamna Chris Ngige na jihar Anambara, 'yan sanda suka ɗauke shi suka tsare, aka kuma fito da takardar murabus da aka ce ya riga ya sa wa hannu, duk saboda rikicinsa da uban gidansa na siyasa, Chris Uba. A jihar Oyo, an tsige Gwamna Rashidi Ladoja a watan Janairun 2006 bayan ya ɓata da Alhaji Lamidi Adedibu, wanda bai ɓoye ba cewa yana ganin yana da haƙƙi a cikin kuɗin tsaro na jihar. Sai a ƙarshen shekarar Kotun Ƙoli ta mayar da gwamnan kujerarsa.

Ya ce waɗannan su ne waɗanda suka fito fili. Mafi yawan bashin ana biyan sa ne shiru, ta hanyar kwangilar titin da aka ninka kuɗinta, da asibitin da aka biya kuɗinsa ba a gina ba, da takin da ya ɓace tsakanin Abuja da ƙauye, da muƙamin da aka ba wanda bai cancanta ba. Idan baki ya ci, ido ya ji kunya. Ya ce gwamnan da wani ɗan kwangila ya ɗauki nauyin zaɓensa ba zai iya kallon idonsa ya ce aikinka bai yi kyau ba. Ita kuwa al'umma tana ganin ɓarnar, amma ba ta iya haɗa ta da tushenta, domin an ɓoye mata takardar da za ta nuna wa ya ba wa.

Game da dalilin da ya sa dokar ta zama kwance, Malamin ya ambaci abu uku. Na farko, waɗanda ake so dokar ta kama su ne suke rubuta ta a majalisa, an ba kura ajiyar nama ke nan. Na biyu, hukuncin ba ya tsoratar da kowa: a dokar 2022, ɗan takarar da ya wuce iyaka tararsa kashi 1 cikin 100 ne na iyakar, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun, wato naira miliyan 50 ga mai neman shugabancin ƙasa, rabin kuɗin fom ɗin APC na shekarar. Na uku, kuɗin da yawa ba sa bi ta asusun jam'iyya sam, tsabarsu ake ɗauka a jaka, ko a ba ƙungiyoyin goyon baya waɗanda ba sa kai wa kowa lissafi.

Inda aka buɗe littafin

Malamin ya ce ba wai yana kawo misalin wasu ƙasashe ba ne don tsarinsu ya zama abin koyi, sai don a ga abin da yake fitowa idan aka buɗe littafin. A Ingila, a 1997, gwamnatin Tony Blair ta yi shirin hana tallar taba sigari a wasanni, amma ta nemi a keɓe tseren motoci na Formula One. Sai aka gano cewa mai harkar tseren, Bernie Ecclestone, ya ba jam'iyyar Leba fam miliyan 1 kafin zaɓe. Kunya ta sa aka mayar masa da kuɗinsa, kuma a 2000 aka yi dokar da ta tilasta wa jam'iyyu bayyana manyan masu ba su gudummawa.

A Afrika ta Kudu wata ƙungiyar farar hula ce ta kai ƙara, a 2018 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa mai zaɓe yana da haƙƙin sanin masu ba jam'iyyu kuɗi. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2021, inda a lokacin aka ce duk gudummawar da ta haura rand 100,000 sai an bayyana ta, hukumar zaɓe kuma ta riƙa buga sunayen duk bayan wata uku.

Ya ce amma misalin da ya fi ɗaukar hankali shi ne na Indiya. A 2018 gwamnatin Narendra Modi ta fara wani tsari inda mutum ko kamfani zai je bankin gwamnati na SBI ya sayi wata takardar kuɗi wadda ba ta ɗauke da suna, ya miƙa wa jam'iyyar da yake so ta je ta karɓi kuɗin. Jama'a ba su san wa ya saya ba, amma bankin na gwamnati ya sani. Ta wannan hanya an zuba wa jam'iyyu kimanin rupi biliyan 165, kuma jam'iyya mai mulki, BJP, ita ta kwashi kaso mafi tsoka. A ranar 15 ga Fabrairun 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke tsarin, ta ce ya tauye haƙƙin jama'a na sanin gaskiya. Bankin ya nemi a ba shi har ƙarshen Yuni, wato bayan an gama zaɓe, kotun ta ƙi. Da aka fitar da sunayen a watan Maris, sai ga shi wanda ya fi kowa saye kamfanin caca ne, da sama da rupi biliyan 13. 'Yan jarida kuma suka bi diddigi suka nuna wasu kamfanonin sun sayi takardun ne jim kaɗan bayan jami'an bincike sun kai masu samame, wasu kuma sun sami manyan kwangiloli bayan sun bayar. Malamin ya ce wannan ne ya sa ake gudun a buɗe littafi, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Hanzarin masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Malamin ya ce adalci ne a saurari hujjar waɗanda ba sa son a bayyana, domin akwai gaskiya a cikin wani ɓangarenta. Suna cewa in aka buga sunan ɗan kasuwar da ya taimaki jam'iyyar adawa, gwamnati za ta bi shi da bi-ta-da-ƙulli, ta rushe masa shago ko ta hana shi lasisi. Ya ce wannan yana faruwa, kuma ko a Amurka, a 1958, Kotun Ƙoli ta hana jihar Alabama tilasta wa ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP miƙa sunayen 'ya'yanta, saboda an san abin da zai same su. Ya ce shi ya sa ake sa iyaka: mai shayi ko ɗan acaɓa da ya ba da dubu biyu ba wanda yake buƙatar sunansa, domin dubu biyu ba ta sayen gwamna. Wanda ake nema shi ne mai miliyoyi. Kuma ya ce a yanzu ma mahukunta sun san wa ya ba wa, suna da bankuna, suna da jami'an tsaro. Talaka ne kaɗai aka bari a duhu.

Ya kuma yi gargaɗi cewa bayyanawa ba ita ce ƙarshen magani ba. A Amurka, bayan abin kunyar Watergate da ya kai ga murabus ɗin Shugaba Nixon a 1974, an tsaurara dokar kuɗin zaɓe, amma bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 da ya buɗe wa kamfanoni ƙofar kashe kuɗi ba iyaka a kan tallan siyasa, sai attajirai suka koma bi ta wasu ƙungiyoyi da doka ba ta tilasta masu faɗin masu ba su kuɗi ba. Ya ce ɓarawo ba ya daina neman taga don an kulle ƙofa, amma wannan bai zama dalilin barin ƙofar a buɗe ba.

Abin da ya shafi matasa

Daga nan Malamin ya fuskanci matasan kai tsaye. Ya ce su ne ake cika filin taro da su, su ne ake ba 'yan dubbai da kayan maye a ce su je su tarwatsa taron abokin hamayya, ko ana kiran su 'yan jagaliya, ko 'yan kalare, ko sara-suka. In an yi arangama su ake kaiwa asibiti ko maƙabarta, wanda ya ba da kuɗin kuwa yana gidansa a Abuja, 'ya'yansa suna karatu a waje. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya ce duk matashin da aka miƙo masa irin wannan kuɗi ya sani cewa wani ne ya ba da su bashi, kuma shi da iyayensa ne za su biya a wajen sayen magani da kuɗin makaranta.

Ya ba su shawara su karanta sashe na 225 da na 226 da kansu, su fassara wa waɗanda ba sa jin Turanci. Ya ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takarda, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Don haka ɗalibai da lauyoyi da 'yan jarida daga cikin 'yan uwa suna iya rubuta wa ofishin INEC na jiharsu, cikin ladabi, su nemi ganin rahoton asusun jam'iyyu. In an ba su, su karanta wa jama'a. In an hana su, su ajiye kwafin wasiƙar da ranar da aka karɓa, domin ita ma hanawar hujja ce. Kuma duk ɗan takarar da ya zo majalisarsu ko ƙofar masallacinsu, kafin ya fara jera alƙawura, su tambaye shi wa ya saya masa fom, wa yake biyan kuɗin motocin da suka rako shi.

A lokacin tambayoyi, wani ɗan uwa ya ce shi bai yarda da tsarin ba gaba ɗaya, ba ya ma zaɓe, to mene ne ruwansa da asusun jam'iyya? Malamin ya amsa cewa wanda bai yi zaɓe ba ma yana biyan haraji a duk abin da ya saya, yana bin titin da aka yi wa aikin ha'inci, matarsa tana haihuwa a asibitin da babu magani. Ƙin shiga abu bai hana a san yadda yake cutar da mutane ba, kuma wanda zai yi wa jama'a bayanin zalunci ya fi ƙarfin hujja in yana riƙe da suna da adadi da kwanan wata.

Wani kuma ya tambaya ko wannan magana ta shafi ƙungiyoyin addini da kwamitocin masallatai. Malamin ya ce ƙwarai kuwa, kuma daga nan ya kamata a fara. Duk wanda ya riƙe kuɗin jama'a, ko na ginin masallaci ne ko na makarantar Islamiyya, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya karanta wa masu shi. In ɗan siyasa ya kawo gudummawa ana dab da zaɓe, a faɗa wa jama'a ko a mayar masa da abinsa, domin malamin da ya karɓa a ɓoye harshensa zai yi nauyi ranar da ya kamata ya faɗi gaskiya.

Malamin ya rufe da roƙon Allah (T) Ya tsare matasan Musulmi daga zama karnukan farautar azzalumai, Ya azurta su da halal, Ya kuma ba al'umma shugabanni masu tsoron ranar hisabi. Aka yi salati ga Manzon Allah (S), aka tashi.